Kwalliyar da Na Yi wa Taurari Masu Faɗowa

Abu na farko da na koya a ƙasar Cekoslobakiya shi ne, ashe gashin hanci ma yana daskarewa. Na sauka babban birninsu a ƙarshen shekarar 1988, sanye da kwat ɗin da wani tela ya ɗinka mini a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Telan nan ya rantse mini ko a cikin firji na kwana da kwat ɗin ba zan ji sanyi ba. Allah ya yafe masa, ni dai har yau ban gama yafewa ba.

Sunana Ayuba, ɗan manoma daga wani ƙauye kusa da Godogodo, sana'ata kuma wankin hoto. Shekara shida na yi a shagon Oga Bitrus a Kafanchan, kuma ba yabon kai ba, a duk garin babu mai hannuna a hoto mai kala. Akwai wani Bature da ke koyar da kimiyya a wata makaranta a garin, mu ke wanke masa hotuna. Da zai koma ƙasarsu sai ya ce akwai wata tashar masu binciken sararin sama a can da ke neman mai wankin hoto na shekara ɗaya. In na yi abin kirki, za su rubuta mini takardar da za ta ba ni gurbin karatu na shekara uku a makarantar fasaha. Wannan takarda ita ce ta raba ni da gida, ita na je nema.

A filin jirgin ina ta rarraba ido sai ga wani baƙar fata ya nufo ni, baki har kunne.

“Kai, ɗan gida! Daga wane gefe?”

Da Hausa ya faɗa. Na ce Kafanchan. Ya dafe kai ya ce sunansa Felis, a kwatas ɗin 'yan reluwe ya girma, har ya tambaye ni ko matar nan mai shinkafa da wake ta bakin tasha tana nan da rai. Saura kaɗan in rungume shi. Ya ɗauki jakata, ya saya mini shayi, ya raka ni tashar jirgin ƙasa. A can ne ya ga kyamarata a wuya, wadda Oga Bitrus ya ba ni kyautar sallama.

“Ka yi mata rajista?” ya tambaya yana rage murya. “Brother, nan ba Najeriya ba ne fa. Baƙo da kyamara ba rajista, ɗan leƙen asiri ke nan. Kawo in kai ofishin 'yan sanda, ni ina jin yarensu. Minti goma.”

Jirgi uku suka tashi a gabana ina zaune a kan benci ina jiran minti goman nan. Baƙo ko da ido makaho ne, wannan na sani tun a gida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da harshen da uwata ke cinikin citta a kasuwa aka cuce ni. Na shiga jirgi na huɗu ina kuka kamar yaro, wata tsohuwa da ke gabana ta miƙo mini dafaffen ƙwai.

Daga jirgi na shiga bas, bas ta sauke ni a gindin wani tudu da ƙarfe huɗu na yamma, amma gari ya riga ya yi duhu. Wani dattijo na jirana da fitila. Shi ne Yosef, maigadin tashar. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin nasu. Ya murza yadin kwat ɗina da yatsu biyu, ya dube ni, ya tuntsire da dariya har yana tari. Da muka hau sama ya shiga ɗakinsa ya fito da wata ƙatuwar rigar sanyi irin ta sojoji, mai warin taba da akuya, ya yafa mini. Na rasa abin da zan ba shi, sai na kwance ƙullin busasshiyar cittar da Mama ta saka mini a jaka. Ya gatsa kamar biskit. Hawaye suka zubo masa, ya ɗaga mini babban yatsa. Tun daga ranar kullum da yamma sai mun sha shayin citta tare, shi yana surutunsa da yarensu, ni ina ba shi labarin Kafanchan da Hausa, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai.

Washegari aka kai ni wajen shugabata a aiki, Dakta Hana. Mace ce 'yar ƙarama, ta kusa shekara sittin, kanta fari fat, sigari ba ya barin yatsunta. Turancinta guntu-guntu ne, kuma ba ta da lokacin gaisuwa. Ni da na saba a tambayi gajiya da mutanen gida da gona kafin a shiga magana, sai na ga kamar ta tsane ni. Ta hau da ni kan rufi ta nuna mini kyamarori a jere, duka fuskarsu na kallon sama. Ta ce ana buɗe su su kwana suna ɗauka. Mafi yawan fim ɗin babu komai sai taurari. Amma jefi-jefi sai a sami wani siririn layi ya ratsa hoton, alamar tauraro ya faɗo.

“Wannan layi,” in ji ta, “shi kaɗai muke nema.”

Layin ya fi gashin kai siranta, don haka aikina shi ne in ƙara girmansa, in mayar da shi kan babban fim mai faɗin tafin hannu biyu. Ƙaramin fim na asali kuwa, da na gama sai a mayar da shi firji a kulle. Ta nuna mini maɓallan kala uku da ke jikin injin ƙara girman hoton, ta rubuta lambobin da za su tsaya a kai, ta ce kada in kuskura in taɓa su. Kuma ina so a shaida, har na bar ƙasar ban taɓa maɓallan nan ba.

A nan dole in koma Kafanchan in yi bayanin yadda muke aiki a shagon Oga Bitrus. Fim mai kala na wancan zamani ba ya ƙaunar baƙar fata. Ka ɗauki amarya a inuwar mangwaro, in ka wanke sai fuskarta ta fito da kore-kore kamar wadda ta yi wata uku a asibiti. In ka murɗa maɓalli don ka gyara fuska, sai farin leshinta ya ɓaci. To, Oga Bitrus yana da dabararsa. Yakan yanki ledar alewar minti, koriyar nan, ya manna a kan tsinken tsintsiya. Idan aka kunna hasken inji, sai ya riƙa kaɗa tsinken a kan fuskar kaɗai na ɗan lokaci. A ɗakin duhu komai a juye yake, kore ke kashe kore. Fuska sai ta fito jawur tana sheƙi, kaya kuma suna nan yadda suke.

Ranar da na fara ganin haka na ce, “Oga, ai matar nan ba haka take ba.”

Ya ce, “Ayuba, kai wawa ne? Kostoma bai zo nan don ya ga gaskiya ba. Madubi yana gidansa. Wannan mata, in ka ba shi fuskansa kore kamar ganyen rogo, gobe zai tafi Jos ya yi hoto.”

Shekara shida hannuna na wannan aiki har ya zama ba na tunani kafin in yi. Saboda haka da na wanke layin farko a kan tudun nan na ga ya fito da kore-kore, abin da raina ya faɗa mini shi ne, fim ɗin Turawa ma yana da ciwon nan. Na laluba aljihun kwat ɗina na sami ledar minti tun ta gida. Na zari tsinke daga tsintsiyar Yosef. Na yanka ledar siririya daidai faɗin layin, na kaɗa ta a kansa shi kaɗai, ban taɓa taurarin da ke gefe ba. Layin ya fito kamar zinare. Dakta Hana ta ɗaga shi a haske ta ce ba ta taɓa samun mai tsabtar aiki irina ba. Kaina ya kumbura. Daga nan duk layin da ya biyo ta hannuna sai na yi masa kwalliya, kuma ni kaɗai nake shiga ɗakin duhu. A zatona hotunan na liƙawa a bango ne ko na bugawa a littafi. Ban tambaya ba, ba a kuma faɗa mini ba.

Watannin sanyin nan sun ba ni wuya. Dankali da kabeji safe da rana, har na fara mafarkin faten acca. Ranar Lahadi nakan sauka ƙauye in shiga cocinsu, tsofaffi ne kawai 'yan kaɗan, ba ganga ba tafi, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Yara kan bi ni a baya su ga ko zan bar baƙi a kan ƙanƙara. Wasiƙar Mama takan yi wata biyu a hanya. Katikis, malamin cocinmu, ke rubuta mata, amma muryarta ce: “Ayuba, muna lafiya cikin ikon Ubangiji. Akuyanka ya haifi biyu. Jauro ya kawo shanunsa gonanmu, yana tambaya ko Turawa suna da nono. Ka yi biyayya, ka riƙe karatun nan da hannu biyu, ƙannenka suna kallonka.” Nakan karanta wa Yosef da ƙarfi, ya saurara har ƙarshe kamar yana ganewa.

Da watan Agusta ya kama sai na ga tashar ta rikice da shiri. Dakta Hana ta ce akwai wasu darare a watan da taurari ke zubowa da yawa kowace shekara, kuma bana tana so in hau rufi in gani da idona. Muka shimfiɗa barguna muka kwanta rigingine, ni da ita da Yosef.

A ƙauyenmu in tauraro ya faɗo, kakata takan ce wani babban mutum ya mutu, ta ja mu cikin ɗaki. Jauro kuwa, Bafulatanin da ke sauka a gonarmu bayan girbi, cewa yake shaiɗanu ake jifa don sun je satar jin maganar sama. Ko ta wace hanya dai, abin a kau da kai ne. Ban taɓa kwanciya da gangan ina jiransa ba sai a wannan dare.

Na farko ya tsaga sama ba ƙara ba motsi, kafin in nuna shi ya ɓace. Wani ya biyo, wani ya biyo, wasu biyu-biyu. Na yi ta ƙirga har lissafi ya kuɓuce mini. Can sai wani babba ya taso daga gefen arewa. Ya fara da kore, kore shar irin na sabuwar shuka bayan ruwan fari, sai ya juya ruwan ɗorawa, sai ya fashe da wani haske har na ga inuwar kyamarori a kan rufin. Ya bar wata igiyar hayaƙi mai walƙiya tana lanƙwasa a sama a hankali. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina cewa “Yesu! Yesu!” ba. Tsigar jikina ta tashi, na ji ni ɗan mitsitsi, na ji tsoro da daɗi a haɗe. Yosef ya cire hularsa.

“Ka ga koren nan?” in ji Dakta Hana. Muryarta ta sauya, kamar ba matar nan mai faɗa ba. “Zauna in gaya maka abin da ka gani.”

Ta ce ba tauraro ba ne ko kaɗan. Tsakuwa ce, yawanci ba ta wuce ƙwayar gujiya ba, babbar da muka gani ma wataƙila ba ta fi dunƙulen hannu ba. Tana yawo a sarari tun kafin a yi duwatsun duniya, sai ta ci karo da iskar da ta lulluɓe mu, da irin gudun da na lissafa daga baya cewa zai kai mutum daga Kafanchan zuwa Kagarko kafin ya ƙirga biyu. Gudun nan ke ƙona ta. Kuma kowane abu da ke cikinta da kalar da yake bayarwa in ya ƙone. Ruwan ɗorawa na sinadarin da ke cikin gishiri ne, in ji ta, ban taɓa ganin gishiri ya zuba a murhu ba? Kore na wani ƙarfe ne mara nauyi da ake kira maganiziyam. Shuɗi-shuɗin na baƙin ƙarfe ne. Ja kuma iskar ce kanta ta ɗauki zafi. Ta ce daga yadda kalolin suka rinjayi juna ake gane zafin wutar, kuma yakan haura digiri dubu huɗu.

Nan take na tuna maƙeran kasuwar Zangon Kataf. Maƙeri ba ya taɓa ƙarfe don ya ji zafinsa, kala yake kallo: in ya yi ja bai kai ba, in ya yi ruwan ɗorawa ya sa guduma, in ya yi fari ya wuce. Na faɗa mata haka da guntun Turancina. Ta tashi zaune ta ce, “Shi ke nan! Ka gane!” Ashe mutum na iya kwanciya a kan rufi ya san abin da ke cikin dutsen da bai taɓa riƙewa ba, wanda ma ya riga ya zama hayaƙi. Duwatsun Kagoro da nake ganin babu abin da ya girme su, ga tsakuwa ta girme su, ta yi tafiyar da ba a san farkonta ba, ta zo ta mutu a kan idona cikin ƙiftawa ɗaya, kuma kafin ta mutu ta faɗi abin da ke cikinta.

Da safe ta ja ni wani ɗaki da ban taɓa shiga ba. A kan tebur ga wani inji, a bakinsa kuma ga ɗaya daga cikin manyan fina-finan da na wanke. Ta ce fim mai kala hawa uku ne, ɗaya na kama shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. Injin yana bin layin a hankali da wani siririn haske, allura na nuna yawan kowace kala, ita kuma tana rubutawa. Daga nan take fitar da zafi da sinadaran kowace tsakuwa.

Gabana ya faɗi. Na ce, “Dakta, da waɗannan hotunan nawa ake awon?”

“Da me kuma?” Ta buɗe wani babban littafi cike da murna. Ta ce tun lokacin sanyi take ganin abin mamaki. Tsakuwoyin bana korensu ya yi kaɗan, gishirinsu ya yi yawa, zafinsu bai kai na sauran ba. Wataƙila wani iri ne da ba a taɓa sani ba. Shekara talatin tana jiran ta ga sabon abu, ga shi ya zo mata ana saura shekara ɗaya ta yi ritaya. Za ta karanta shi a taron masana da za a yi nan da wata biyu.

“Kai na fara zargi,” ta ce tana dariya. “Na ce baƙon nan ya murɗa maɓalli. Sai na auna taurarin da ke gefen kowane layi, waɗanda mun san kalarsu. Duka daidai suke. Aikinka ba aibu.” Ta jawo aljihun tebur ta nuna mini wata takarda. “Taka ce, ta makaranta. Na rubuta. Bayan taro shugaban tasha zai sa hannu.”

Garin neman gira na rasa ido. Na fita na je na ɓuya a bayan ɗakin ajiyar itace.

Kwana uku ban ci abin kirki ba. Ba zan yi wa kaina kwalliya a nan ba, na yi niyyar yin shiru. Babu wanda ya sani. Tsinke da leda, murhun Yosef zai cinye su cikin numfashi ɗaya. Na ce wa kaina matar nan tana murna, me zai sa in ɓata mata? Na ce in na sami takardata, sai in daina kwalliyar a hankali, ba wanda zai lura. Na tuna ƙannena, na tuna da wace fuska zan sauka a tashar Kafanchan hannu wofi.

A rana ta huɗu aka kawo mini fim ɗin babban nan da muka gani tare. Na shiga ɗakin duhu na wanke shi sau biyu, ɗaya da tsinke, ɗaya ba tsinke, na rataye su gefe da gefe na kunna fitila. Mai tsinken ya fi kyau, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Amma ɗayan shi ne abin da ya sa na miƙe ina kiran sunan Yesu. Koren nan na gan shi da idona, ba ciwon fim ba ne. Abu ya yi tafiya tun kafin Adamu don ya nuna kalarsa sau ɗaya tak, ni Ayuba ɗan Godogodo na tsaya da ledar minti na ce bai yi mini ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na kwashi hotunan biyu da tsinken na ajiye a kan teburin Dakta Hana. Na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya a gida, ta daka mini tsawa ta ce in tashi. Na yi mata bayani tun daga amaren Kafanchan har zuwa tsintsiyar Yosef. Ta ɗauki tsinken tana juya shi. Sigarin da ke hannunta ya ƙone har ƙarshe ba ta kai shi baki ba.

“Guda nawa?”

“Duka, Dakta. Tun na farko.”

“Nuna mini.”

Muka shiga ɗakin duhu tare, na yi a gabanta. Ina jin numfashinta a kafaɗata. Da na gama ta ce, “Hannunka ya ƙware ƙwarai. Da ragon ma'aikaci ne da na kama shi tun a watan farko.” Ta fita ta kulle kanta a ofis. Ina tsaye a baranda ina jin kukanta, kukan tsohuwa, a hankali. Da ta zage ni ko ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta buɗe firji ta fito da duk fina-finan asali. Sati shida muka yi, ni ina sake wankewa, ita tana aunawa. Daga baya ta koya mini karanta allurar, ina faɗa tana rubutawa. Ɗaya bayan ɗaya koren ya dawo, zafin ya hau, sabon irin tsakuwarta ya narke a gabanmu. Duka irin waɗanda aka sani ne tun da. Amma abin mamaki, a satin nan shida na fi jin daɗin aikin fiye da duk watannin baya. Kowane layi da halinsa. Wani ya fara da gishiri ya ƙare da ƙarfe, wani ya yi zafi farat ɗaya ya mutu. Babban namu kuwa, allura ta bi shi daga kai har wutsiya, muka ga daidai inda ya fashe zafin ya yi tsalle. Dakta ta buga tebur ta ce, “Dubi wannan!” kamar ba ita ce ta yi asara ba.

Shugaban tasha bai ga abin sha'awa a ciki ba. Ya kira ni ofishinsa, Dakta Hana na yi mana tafinta, ya ce tashar ba za ta iya ba da shaida a kan wanda ya ɓata awon wata takwas ba. Ta yi masa gardama da yarensu, murya na tashi har Yosef ya leƙo. Mutumin ya saurare ta har ta gama, sannan ya tura mata takardata ba sa hannu. Ban ga laifinsa ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma na ji zafi, kuma na ƙi jininsa na tsawon shekaru.

Ana gobe zan tafi Dakta Hana ta dawo daga taron. Ta ce mutum goma sha ne suka zauna sauraronta, biyu suna gyangyaɗi. Ta nuna mini ƙasan takardar da ta karanta, ta fassara mini layi ɗaya: an gode wa Ayuba na Najeriya, wanda ya gano kuskuren da ke cikin awon farko.

Na ce, “Dakta, ai ni na yi kuskuren.”

Ta ce, “Duka biyun gaskiya ne. Wurin layi ɗaya suka ba ni.”

Yosef ya raka ni har gindin tudu. Na cire rigarsa zan mayar masa, ya ƙi karɓa, ya yi ta faɗa da yarensu. Na bar masa ragowar cittar.

Ban aika gida cewa ina zuwa ba. Na sauka Kafanchan da hantsi, na zagaye ta bayan kasuwa don kada Oga Bitrus ya hango ni, na hau a-kori-kura zuwa ƙauye. Na tarar da Mama a masussuka tana sheƙar acca. Ta dube ni, ta dubi jakata, ba ta yi guɗa ba.

“Ayuba, an ba ku hutu ne?”

“A'a, Mama. An sallame ni.”

“Ka yi sata?”

“Ban yi ba.”

“To mene ka yi?”

Na ce, “Tauraron da ke faɗowa, na canja masa kala a hoto.”

“Tauraro na Ubangiji? Kai ka canja?” Ta riƙe baki. “Wa ya kama ka?”

“Ba wanda ya kama ni. Ni na je na faɗa.”

Ta ci gaba da sheƙarta, ƙaiƙayi na tashi, ba ta dube ni ba. Can ta ce, “Da ka yi shiru fa?”

“Da yanzu ina makaranta.”

Ta ajiye ƙwaryar a hankali ta zagaya bayan rumbu. Ta daɗe a can. Ina tsaye da jaka a hannu ina jin ta tana fyace hanci. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta karɓi jakar daga hannuna ta jingine a gindin bishiya, ta miƙo mini ɗaya ƙwaryar.

“Riƙe nan,” ta ce. “Iska yana wucewa.”